Ta Ina Hoto Zai Bi, Ta Ina Sauti Zai Fito?

Da yammacin wata Asabar ƙanena ya kira ni a waya, muryarsa babu walwala. "Yaya, don Allah in ka samu sarari ka leƙo. Na baya sun ƙi magana." Na bayan da yake nufi su ne ƙananan lasifikoki biyu da ya kafe a bango, bayan doguwar kujera. Watanni ya yi yana tara kuɗi kafin ya sayi risibar sauti tokumbo, baƙa, mai nauyin da sai an rungume ta da hannu biyu, tare da lasifikoki biyar da wufa.

Da na je sai na janyo teburin talabijin, na durƙusa, na haska fitilar waya. Ƙurar hunturu ta lulluɓe wayoyin. Dikodar dish ta shiga talabijin da wayar HDMI, na'urar gem ɗin yara ma haka. Daga talabijin kuma wata siririyar waya ta fito ta kafar da ake sa abin sauraro na kunne, ta rabu biyu, ja da fari, ta shiga risiba. A nan gizo ke saƙa. Ja da fari hanya biyu ce kacal, dama da hagu. Ko da fim ya zo da hanyoyin sauti shida, sai talabijin ya cusa su cikin biyu kafin ya miƙa wa risiba, ita kuwa abin da aka ba ta shi za ta raba. Lasifikokin baya lafiyarsu ƙalau, rabonsu ne bai iso ba.

Irin wannan na gani a gidaje da dama, kuma yana damuna, domin kuɗin da aka kashe ba kaɗan ba ne, gyaran kuwa sau da yawa bai wuce sauya wa waya ɗaya wuri ba. Tambayar duka ɗaya ce: tsakanin talabijin da risiba, wane ne zai zama mahaɗar da kowace na'ura za ta fara shiga?

Sai mun fara raba sunaye. A bakinmu risiba ita ce ta dish, to a nan waccan zan riƙa ce mata dikoda. Haka kuma abin da ake sayarwa a Sabon Gari ko Alaba da sunan hom tiyata, wato kwali guda mai na'urar DVD da lasifikokinta, yawancinsa mafitar HDMI ɗaya gare shi zuwa talabijin, ba shi da mashigar da zai karɓi hoton wata na'ura. Risibar da nake magana a kai, irin ta Yamaha ko Denon ko Onkyo ko Sony, aiki uku take yi. Tana zaɓar na'urar da za a kalla daga cikin waɗanda aka jona mata, tana warware dunƙulallen sauti irin na Dolby da DTS ta raba wa kowace lasifika nata, sannan tana ƙara wa sautin ƙarfi har ya iya motsa lasifika. Aiki na uku ba ya tsufa da wuri. Amfilifaya mai kyau ta shekara goma sha biyar tana iya cika falo yau kamar ranar da aka buɗe kwalinta. Aiki na farko, wato wucewa da hoto, shi ne ke tsufa tun mai kaya bai gama murnar sayensa ba. Duk rigimar daga nan ta samo asali.

A da babu wannan ciwon kai. Waya ruwan ɗorawa ta hoto ce, ja da fari na sauti, kowa da hanyarsa. Da DVD ta zo sai aka samu wayoyi uku na hoto, kore da shuɗi da ja, sautin kewaye kuma ya bi wayar haske, wadda kamfanin Toshiba ya ƙirƙiro a 1983, mai ɗan jan haske a bakinta. Mutum yana iya kai hoto talabijin kai tsaye, ya kai sauti risiba, babu ruwan wani da wani. A ƙarshen 2002 kamfanoni bakwai, cikinsu har da Sony da Panasonic da Philips da Toshiba da Hitachi, suka fitar da HDMI, waya ɗaya mai haƙora 19 da ke ɗauke da hoto da sauti tare. Sauƙi ya samu, amma da sharaɗi. A cikin HDMI sauti ɗan goyo ne. Ana cusa shi a 'yan giɓin da ke tsakanin layukan hoto, don haka ba ya tafiya shi kaɗai. Duk na'urar da ke son ta sauke sautin dole ta karɓi hoton, ta gane shi, ta kuma iya miƙa shi gaba.

Akwai kuma gaisuwa. Da zarar an kunna kaya, talabijin yakan gabatar da kansa ga na'urar da ke aiko masa hoto: ga girman hoton da nake ɗauka, ga irin sautin da na sani. Wannan takardar gabatarwa ita ake kira EDID. Bayan ta sai tantancewar HDCP, tsarin hana satar fim da kamfanin Intel ya ƙirƙiro, inda na'urar da ke aikowa ba za ta saki hoto ba sai ta tabbatar kowa a kan layi yana da izini. Idan risiba tana tsakiya, ta zama dillaliya: ta ji ta bakin talabijin, ta haɗa da nata, ta isar wa dikoda. In ita ba ta san wani abu ba, to a wurin dikoda kamar talabijin ma bai san shi ba. Shi ya sa mutum zai sayi sabon talabijin mai 4K, ya biyo da hoto ta cikin risibar 2012, ya ga hoton ya sauko 1080, ko allon ya yi baƙi ƙirin alhali sauti na fita. Finafinan 4K suna neman HDCP 2.2, tsohuwar risiba kuwa ba ta taɓa jin sunansa ba. Da yawa daga cikin abin da ake kai wa mai gyara da cewa "kafar ta mutu" gaisuwa ce ba ta kammala ba. A kashe komai daga bango, a fara kunna talabijin, sai risiba, sai dikoda a ƙarshe, sau da yawa hoto zai dawo.

Hanya ta farko, wadda aka ƙera risiba dominta, ita ce kowace na'ura ta shiga risiba, waya ɗaya tak ta fita zuwa talabijin. Ina son wannan tsari, kuma in komai ya yi daidai shi nake zaɓa. Sauti yana sauka tun a zangon farko, babu wanda ya taɓa shi. Tun asali HDMI tana ɗaukar hanyoyin sauti takwas ba tare da matsewa ba, daga sigar 1.3 ta 2006 kuma ta fara ɗaukar Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio na faifan Blu-ray. Ga tsabtar bango, musamman in an rataye talabijin. Ga kuma saitin risiba yana fitowa a allo, ba sai an tsugunna ana ƙyafta ido a ɗan gilashinta ba. Wasu risibobi suna karɓar tsohuwar waya ruwan ɗorawa su mayar da hoton HDMI, abin da zai yi wa mai tsohon bidiyon kaset na bikin gida amfani. Akasin haka kuwa ba ya yiwuwa: abin da ya shiga ta HDMI ba ya fita ta tsofaffin kafofi.

Tsadar wannan hanya ita ce hoto ba zai wuce iyawar risiba ba, kuma faɗin hanyar HDMI bai daina ƙaruwa ba. Sigar 1.4 ta 2009 tana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, tana iya 4K amma hoto 30 kawai a daƙiƙa. Sigar 2.0 ta 2013 ta kai gigabit 18, 4K mai hoto 60, a 2015 aka ƙara mata HDR, tsarin da ke faɗaɗa tazara tsakanin haske da duhu. Sigar 2.1 ta 2017 ta kai gigabit 48, da 4K mai hoto 120, da daidaita saurin allo da na gem. A 2025 kuma aka sanar da 2.2 mai gigabit 96. Babu mai sayen risiba duk shekara huɗu. Ko sabuwa ma tana iya tuntuɓe: a ƙarshen 2020, daidai lokacin da PlayStation 5 da Xbox Series X suka fito, mujallar c't ta Jamus ta gano cewa sababbin risibobin Denon da Marantz na shekarar ba sa wucewa da 4K mai hoto 120 daga Xbox ɗin, allo baƙi yake yi, saboda aibi a guntun HDMI da ke cikinsu. Sai a 2021 kamfanin ya raba wa masu kayan wani ɗan akwatin da ake jonawa a tsakani.

Mai sayen tokumbo ya ƙara lura da abu ɗaya. Wasu risibobi masu araha na farkon zamanin HDMI suna da kafofin, amma hoto kawai suke wucewa da shi, ba sa sauke sautin ko kaɗan. Ganin kafa a bayan kaya bai isa shaida ba. A gwada a shago, a ji sauti ya fito daga lasifika ta HDMI kafin a biya.

Hanya ta biyu ita ce kowace na'ura ta shiga talabijin, shi kuma ya mayar wa risiba da sauti. A nan hoto ya tsira, domin babu dillali tsakaninsa da allo. Sauti ne ya shiga hannun wani. Kuma wannan hanya ta zama dole ga duk mai kallon YouTube ko Netflix daga manhajojin da ke cikin talabijin, tunda a cikinsa sautin ke tasowa.

Ƙofofi uku ne na komawa. Ta farko wayar haske: tana ɗaukar hanya biyu marasa matsi, ko 5.1, wato na lasifika biyar da wufa, na Dolby Digital da DTS a dunƙule, iyakarta ke nan. Mutane suna raina ta, ni kuwa ina ganin girmanta, domin ba ta gaisuwa da kowa, ba ta gardama, kuma da yake haske take ɗauka babu wutar da ke bi ta cikinta. Ta biyu ARC, wadda ta zo da HDMI 1.4: wayar da ke kai hoto daga risiba zuwa talabijin ita ce kuma ke dawo da sauti. Kafa ɗaya ce kawai a bayan talabijin ke yin wannan, kuma an rubuta ARC a jikinta, a risiba ma sai mafitar da aka rubuta wa haka. Nauyin da take ɗauka kusan na wayar haske ne, sai dai talabijin da yawa suna iya tura Dolby Digital Plus ta cikinta, wanda shi ne sautin manhajojin finafinai, har da sautin kewayensu na Atmos. Lagonta shi ne ta dogara da CEC, tsarin da ke sa rimot ɗaya ya sarrafa na'urori da yawa. Kowane kamfani da sunan da ya laƙaba masa: Samsung na cewa Anynet+, LG na cewa Simplink, Sony na cewa Bravia Sync. In ba a kunna shi a ɓangarorin biyu ba, ARC ba za ta ce uffan ba. In kuma an kunna, wani lokaci wata na'urar takan yi shisshigi, ana tsakiyar kallon labarai talabijin ya koma kafar gem don yaro ya taɓa madanninsa. Ƙofa ta uku eARC, da ta zo da HDMI 2.1. Ita ce ta share hawaye: tana ɗaukar kusan megabit 37 a daƙiƙa, wato TrueHD da Atmos cikakke da hanyoyi takwas marasa matsi, kuma tana da nata hanyar gane abokin aiki ba sai ta jira CEC ba. Amma sai talabijin da risiba duka suna da ita, in ɗaya ya rasa sai su koma ARC.

Ko ta wace ƙofa aka bi, akwai saiti ɗaya a cikin talabijin da ke yanke hukunci. A sashen sauti za a ga zaɓi tsakanin PCM da wani da ake rubutawa Auto ko Bitstream ko Passthrough. A kan wayar haske da ARC, PCM na nufin hanya biyu, wato an koma gidan jiya na ja da fari. Dikoda ma tana da irin wannan saiti nata, kuma in ita ta matse sautin tun daga tushe babu wanda zai iya dawo da shi. Sannan akwai talabijin da ba sa wucewa da DTS sam, saboda kamfanin bai sayi lasisinsa ba, don haka mai tarin faifan Blu-ray ya fi dacewa da hanya ta farko.

Akwai tsaka-tsaki. Na'urorin Blu-ray na 4K da yawa suna da mafitar HDMI biyu, ɗaya ta hoto zuwa talabijin, ɗaya ta sauti zuwa tsohuwar risiba, an yi su ne musamman don wannan matsala. Ana kuma sayar da ƙananan akwatuna masu zare sauti daga HDMI su fitar da shi ta wayar haske. Suna aiki, amma kowane akwati ƙarin baki ne a wurin gaisuwa.

Batun da ya fi ɓata wa mai kallo rai shi ne saɓanin baki da murya. Talabijin na zamani yana ɗaukar lokaci yana gyara hoto kafin ya nuna, sauti kuwa ba ya buƙatar wannan ado. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna mutum yana fara lura idan sauti ya riga hoto da kimanin kashi 45 cikin dubu na daƙiƙa, amma ba ya lura da jinkirinsa sai ya kai kimanin kashi 125. Dalilin a fili yake: tun muna yara mun saba ganin taɓarya ta sauka a turmi daga nesa kafin mu ji dukan, domin sauti mita 343 kawai yake ci a daƙiƙa. Jinkiri ɗabi'a ce, murya ta riga hoto kuwa baƙon abu ne ga kunne. A hanya ta farko sauti ne ke riga, kuma maganin yana hannu, tunda yawancin risibobi suna da wurin da ake jinkirta shi har hoto ya iso. A hanya ta biyu sau da yawa sauti ne ke makara, musamman in talabijin yana warware shi ya sake dunƙulewa, kuma babu madannin da ke sa sauti ya yi sauri. Abin yi shi ne a sa talabijin ya wuce da shi yadda ya zo.

Ya kamata kuma mu tambayi kanmu me muke kallo. Yawancin tashoshin labarai, da wa'azi, da finafinan Hausa masu dogon zango da ake ɗorawa a YouTube, hanya biyu suke zuwa da ita. Babu wayar da za ta mayar da su 5.1 na gaskiya. Abin da risiba ke iya yi shi ne ta baza su da dabara irin ta Pro Logic II ko Dolby Surround, ta tattara magana a lasifikar tsakiya, ta tura amon wuri baya. Ga fim mai yawan zance wannan ba ƙaramin alheri ba ne, domin murya takan fito sarai ba sai an ƙure ƙara ba. Gilashin gaban risiba ba ya ƙarya: in ya rubuta Dolby Digital ya kunna alamun lasifika shida, 5.1 ya iso, in ya rubuta PCM da alama biyu, bai iso ba.

Littattafan da ke zuwa cikin kwali an rubuta su ne don ƙasashen da wuta ba ta ƙyaftawa, mu kuwa dole mu sa wuta a lissafi. Risibar da aka yi don Amurka ko Kanada bolt 120 take sha, wutarmu kuwa 220 zuwa 230 ce a Najeriya da Nijar. A karanta rubutun da ke kusa da wayar wutarta kafin a soka, in 120 ce sai da taransifoma mai rage wuta, mai ƙarfin da ya zarce abin da aka rubuta. Sannan gidan da ke kan sola ko inbata da dare ba zai so ya kunna amfilifaya mai hanya bakwai don jin labaran ƙarfe tara ba. A hanya ta farko, in risiba na kashe hoto ya yanke, sai dai in tana da saitin wucewa da HDMI a lokacin da take barci, shi ma yana ɗan shan wuta. A hanya ta biyu kuwa sai a bar ta a kashe, talabijin ya yi magana da bakinsa. Ga kuma damina. Wayar dish daga rufin ɗaki take saukowa, in tsawa ta faɗi kusa, wutar na iya biyo ta ta shiga dikoda, ta bi HDMI ta ƙone duk kafar da ta tarar. In dikoda na jone da risiba, risiba na jone da talabijin, asara biyu ke nan a dare ɗaya. Wayar haske tana yanke wannan sarƙa tsakanin talabijin da risiba. Duk da haka, in hadari ya haɗo, a zare wayar dish da ta wuta. Zafin bazara ma abin kula ne: risiba ta sama take numfashi, kada a ɗora mata dikoda ko a lulluɓe ta da ƙyallen ado.

Game da wayar kanta magana kaɗan ce. Mai rubutun High Speed ta ishi 1080, Premium High Speed ta ishi 4K mai hoto 60, Ultra High Speed ita ce ta gigabit 48. Tsada ba ta ƙara wa hoto kyau. Waya ko dai ta isar da saƙo, ko a ga ƙyalƙyalin ɗigo da yankewa. Tsawo ne abokin gaba, in an wuce 'yan mitoci da 4K sai a nemi mai zaren haske a ciki, ita kuma tana da kai da gindi, an rubuta ɓangaren da ke shiga talabijin.

Ra'ayina shi ne a dubi wanda ya fi sabunta a cikin biyun, a ba shi hoto. In risiba ta san duk abin da talabijin ya sani, komai ya shiga ta cikinta. In talabijin ya girme ta a ilimi, to na'urorin 4K da gem su shiga talabijin, sauti ya dawo ta eARC ko ARC ko wayar haske, na'urar Blu-ray ta 1080 kuma ta zauna a risiba inda sautinta zai sauka cikakke. Babu dokar da ta ce sai an bi hanya ɗaya ga kowace na'ura. Abin da ba na goyon baya shi ne a yar da amfilifaya mai lafiya don kawai kafofin hotonta sun tsufa.

Risibar ƙanena ta girmi ARC, talabijin ɗinsa kuma sabo ne. Muka bar dikoda da gem a inda suke, muka zare ja da fari, na aiki ɗansa shagon bakin titi ya sayo wayar haske. Na cire 'yan hulunan roba da ke bakinta, na soka har ta yi ƙas, muka shiga saitin talabijin da na dikoda muka ɗauke su daga PCM. Ya kamo wata tashar finafinai mai 5.1, alamu shida suka kama a gilashin risiba. Ana ruwan sama a fim ɗin, sai ga shi yana zuba a bayan kujera, har matarsa ta ɗaga labule ta duba tsakar gida.